Fargabar gasar tirayatlon ta farko: tambayoyi da amsoshi

Tirayatlon gasa ce da ke haɗa iyo da tseren keke da gudu a jere, kuma agogo ba ya tsayawa a tsakaninsu. An fara ta a yadda aka san ta yau a birnin San Diyego na Amurka a 1974, ta shiga wasannin Olamfik a Sidni a 2000. Yawancin sabbin shiga kan fara da gajeren zango: iyo mita 750, keke kilomita 20, gudu kilomita 5.

Na yi watanni ina atisaye, amma gabana sai faɗuwa yake tun ana saura kwana uku. Ko dai ban shirya ba ne?

Faɗuwar gaba ba ta nuna rashin shiri. Sinadarin adirenalin ne jiki ke saki idan ya hango aiki mai nauyi, shi ke sa zuciya ta ƙara bugu, baki ya bushe, tafin hannu ya jiƙe, ciki ya riƙa murɗawa. Ga shi kuma a makon ƙarshe an rage atisaye, ƙarfi ya taru ba inda za a kai shi. Babban kuskure a nan shi ne mutum ya fita dogon gudu mai tsanani don ya gwada kansa. Atisayen da aka yi ana saura kwana uku ba ya ƙara ƙarfi ranar gasa, gajiya kawai yake bari. Minti 20 zuwa 30 na motsa jiki a hankali ya wadatar.

In na kasa barci daren jajibiri fa?

Dare ɗaya na guntun barci ba ya rusa gasar da ba ta wuce awa biyu ba. Ka yi ƙoƙarin samun cikakken barci ana saura kwana biyu. Da yammacin jajibirin ka shimfiɗa kayanka a ƙasa bisa tsarin da za ka yi amfani da su, tun daga tabaran iyo har takalmin gudu, ka zuba su a jaka, ka saita ƙararrawa biyu. Abin da ke hana barci sau da yawa tunanin "na manta wani abu" ne.

Me zan ci da safe alhali ko ruwa ba na marmari?

Ka ci awa biyu da rabi zuwa uku kafin a fara gasar, abu mai sauƙin narkewa wanda cikinka ya saba da shi a ranakun atisaye: burodi da zuma, ayaba, farar shinkafa ko kunu. Ka guji maiƙo da yaji da wake, domin da an fara motsi jini kan bar hanji ya koma tsoka, abinci mai nauyi sai ya zauna a ciki. Idan ba ka saba shan kofi kafin atisaye ba, kada ka fara ranar, zai ƙara maka rawar jiki. Ka isa wurin da awa ɗaya da rabi a hannu, saboda layin banɗaki kan yi tsawo, kowa cikinsa na juyawa kamar naka.

Ruwan ne ya fi ba ni tsoro. Me ya sa wanda ya iya iyo a kwamin wanka yake ruɗewa a tafki ko teku?

Abubuwa da dama ne ke haɗuwa a mita 200 na farko. Ruwan ba a ganin ƙasansa, babu layi a ƙasa, babu bango da za a dafa. Idan yana da sanyi, da ya taɓa fuska sai mutum ya ja numfashi ba da niyya ba, ya shiga haki na minti ɗaya zuwa uku. Rigar roba mai riƙe ɗumi tana matse ƙirji. Ga ƙafafu da gwiwoyin hannun mutane ta kowane gefe. Sai sabon shiga ya zabura da gudun da bai saba ba, ya riƙe numfashi a cikin ruwa, gurɓatacciyar iska ta taru a jikinsa, ya ji kamar an shaƙe shi. Mafi yawan lokaci matsalar daga rashin fitar da numfashi take.

Maganin ana fara shi kafin a busa ƙaho. In an ba da izinin ɗumama jiki, ka shiga ruwan minti biyar zuwa goma, ka nutsa fuska kana hura kumfa har hakin ya lafa. In ba a bari ba, ka watsa ruwa a fuska da wuya, ka zuba kaɗan cikin rigar. Ka ja rigar sama sosai a cinya da hammata, don idan ta zazzago ita ke danne kafaɗa. Igiyar tabarau ta shiga ƙarƙashin hular iyo, yadda ko an shure ka ba zai faɗi ba. Sannan ka tsaya a baya ko a gefen waje, nesa da alamar farko da ke nuna hanya a kan ruwa, inda ake cunkoso. Da an busa, ka ƙirga goma kafin ka shiga. Daƙiƙa goman nan ba komai ba ce a kan minti biyun da ruɗewa za ta ci maka.

Idan numfashina ya sarƙe a tsakiyar ruwa, me zan yi?

Ka daina kokawa da ruwan. Ka juya rigingine, fuska sama, rigar roba za ta riƙe ka. Ka shaƙa kana ƙirga huɗu, ka fitar kana ƙirga shida, har sau biyar ko shida. Daga nan ka ci gaba da iyon kwaɗo, kai a sama, har ka dawo hayyacinka. Akwai masu ceto a ƙananan kwale-kwale. Ɗaga hannu ɗaya sama shi ne kiran taimako, kuma a ƙa'idar yawancin gasa kana iya dafa kwale-kwalen ka huta muddin bai ja ka gaba ba. Ka tabbatar da wannan a taron bayanin da ake yi kafin gasa.

Ina tsoron in rikice a wurin sauya kaya.

Da safe ka taka daga mafitar ruwa zuwa kekenka da ƙafa, ka ƙirga layukan kekuna, ka riƙe wata alama da ba ta motsi kamar itace ko tuta. Ka bar keken a giya mai sauƙi, ka gwada birki da iskar taya. Doka ɗaya ce kada ta kuɓuce maka: a ɗaure hular kwano kafin a sauke keke daga marataya, kuma ba a hawa sai an tsallake layin hawa. Da ka fara gudu ƙafafu za su yi nauyi kamar an ɗaura musu duwatsu. Hakan kan saki cikin kilomita na farko.

Yaushe ne abin ya wuce fargaba?

Fargaba kan ragu da zarar an kama aiki. Ciwon ƙirji, jiri mai kama da suma, bugun zuciya mara tsari, ko tari da kumfa mai ruwan hoda a cikin ruwa, duk dalilai ne na tsayawa nan take a kira masu ceto. Mai ciwon zuciya ko hawan jini ko asma ya ga likita tun kafin ya yi rajista, mai asma kuma ya ajiye maganin shaƙarsa kusa da takalmin gudu.