Wa ke yanka kuɗin makaranta a jami'o'in tarayya?

An daɗe ana cewa idan kuɗin makaranta ya tashi a jami'ar tarayya, daga Abuja aka yanka shi. Ba haka ba ne. Tun shekarun 1970 aka soke kuɗin koyarwa ga masu digirin farko a jami'o'in tarayyar Najeriya. Abin da iyaye ke biya kuɗin rajista ne, da na ɗakin kwana, laburare, asibiti da jarrabawa, kuma hukumar gudanarwar kowace jami'a ce ke yanka shi, galibi idan kason gwamnati ya kasa ɗaukar kuɗin wuta da dizal. Shi ya sa farashin ya bambanta. Jami'o'in jihohi da dama kuwa suna karɓar kuɗin koyarwa, ɗan jiha da nasa, baƙo da nasa.

Ku duba takardar biyan kuɗin ɗalibi, za ku ga komai a jere. Don Allah a tura wa iyayen ɗalibai wannan bayani.