Masuntan Basque da Farautar Wel a Ƙetare

Basque wata al'umma ce dake zaune a bakin Tekun Biscay, wani ɓangare a arewacin Sifaniya wani a kudu maso yammacin Faransa, kuma sune ake ganin suka fara maida farautar wel sana'a ta kasuwanci a Turai. Wel dai dabbar teku ce mai shayarwa, ba kifi bace duk da kamanninta, kuma kitsenta ake nema, a narkar dashi ya zama mai na fitila da sabulu. Tun 1059 akwai takarda daga garin Bayonne dake maganar cinikin naman wel. A gida tsarin nasu mai sauƙi ne, mutum ya hau hasumiya a kan tudu yana gadi, da ya hango wel ta fesa ruwa sai ya sanar, sai maza su faɗa ƙananan kwale-kwalen da suke kira chalupa su bita da mashi.

A ƙarni na 16 suka tsallaka Atlantika har Newfoundland da Labrador, Kanada ta yanzu kenan, da farko don kifin kwad da suke gishirtawa su busar, daga baya wel ta zama babbar harka. Red Bay, a gabar Labrador, ce cibiyarsu, nan suka gina murhunan narka kitse a bakin ruwa, su cika ganguna su koma gida kafin ƙanƙara ta rufe hanya. Jirgin San Juan ya nutse a wurin a 1565, aka manta dashi kwata-kwata sai da wata mai binciken tarihi, Selma Barkham, ta tono tsoffin takardu a ƙasar Basque, aka gano ɓaraguzansa a 1978, UNESCO kuma ta saka Red Bay cikin wuraren tarihi na duniya a 2013.

Ba ko'ina suka sha da daɗi ba. A 1615 guguwa ta farfasa jiragensu a yammacin Iceland, rigima ta tashi tsakaninsu da mutanen wurin aka kashe 32 daga cikinsu, umarnin kisan kuwa ba'a soke shi a hukumance ba sai 2015, shekara 400 cif. Abin mamaki ma duk da haka har wani yaren ciniki suka haɗa da mutanen Iceland, kamar yadda suka yi da 'yan asalin Kanada irin su Mi'kmaq.

Ingila da Holan a wurinsu suka koyi sana'ar, suka ɗauke su haya zuwa tsibirin Spitsbergen dake can arewa da Norway daga 1611, ƙarshe dai almajirai suka ƙwace kasuwar. Wel ta ƙarshe da aka kama a gabar Basque a Orio ne, 1901. Har yau akwai garin Port aux Basques a Newfoundland, tambarin garuruwa kamar Lekeitio da Bermeo kuma hoton wel ne a jiki.