Ma'anar IS: guntun DNA mai sauya mazauni a jikin bakteriya

Masu nazarin ƙwayoyin halitta suna amfani da haruffa biyu, IS, wajen kiran wani ɗan guntun DNA da ke iya tashi daga wani wuri a kan zaren gado na bakteriya ya koma wani wurin. Haruffan gajarcen kalmomin Turanci ne, insertion sequence, ma'anarsu a taƙaice ita ce jeri mai kutsawa, domin cusa kansa yake yi a tsakiyar saƙon gadon da ya tarar. Shi ne mafi ƙanƙanta a cikin dangin guntayen DNA da ke iya yawo da kansu, tsawonsa yawanci tsakanin haruffan DNA 700 zuwa 2,500, kuma na farkon da aka raɗa wa suna, wato IS1 na bakteriyar E. coli, haruffa 768 gare shi.

Abin da ke cikinsa kaɗan ne. A tsakiya akwai umarnin haɗa wani sinadari guda ɗaya da ke yanka DNA ya kuma ɗinke shi, sannan a bakinsa biyu akwai gajerun jerin haruffa masu kama da juna amma a juye, waɗanda su ne alamar da sinadarin ke bi ya gane inda zai yanka. Idan ya sauka a sabon wuri, yakan bar sawu, domin 'yan haruffan da ke wurin saukar suna maimaituwa a gabansa da bayansa, kuma da wannan sawun masu bincike ke gane cewa baƙo ne. Wasu nau'o'in cire kansu suke yi su ƙaura, wasu kuwa kwafi suke turawa su bar asalin a inda yake.

A ƙarshen shekarun 1960 aka gano shi, lokacin da James Shapiro da kuma ayarin Peter Starlinger a birnin Kolon na Jamus suka lura cewa wasu E. coli sun kasa sarrafa sukarin galaktos, suka bincika, sai suka tarar da ƙarin DNA a tsakiyar umarnin sarrafa sukarin. Kafin nan Barbara McClintock ta riga ta ga irin wannan ƙaura a masara, aikin da ya kai ta ga lambar Nobel a 1983.

Inda lamarin ya fi shafar asibiti shi ne bijirewar bakteriya ga magani. IS shi kaɗai ba ya ɗauke da kariya daga kowane magani, amma idan guda biyu iri ɗaya suka saka wani yanki a tsakiya, sukan kwashi yankin gaba ɗaya su yi ƙaura da shi. Haka wani irin wannan ƙunshi mai suna Tn10 yake: IS10 biyu ne suka rungumi umarnin jure wa maganin tetirasaikilin, kuma da zarar wannan kaya ya hau ƙaramin zoben DNA da bakteriya ke miƙa wa juna, sai juriyar ta tsallaka zuwa wata bakteriyar daban. Wani lokacin ma ba ya ɗaukar komai, zama kawai yake yi a gaban wani umarni da ke aiki a hankali ya ƙara masa ƙarfi, kamar yadda wani IS mai suna ISAba1 ke yi a jikin bakteriyar Acinetobacter baumannii.

Yana da amfaninsa ga masu bincike kuma. Ƙwayar cutar tarin fuka tana ɗauke da IS6110, kuma da yake yawansa da wuraren zamansa sun bambanta daga wannan zuriya zuwa waccan, an daɗe ana kwatanta su domin a gane ko majinyata biyu daga tushe ɗaya suka kamu.