Kogon haƙori ba tankin babur ba ne

Makon jiya wani ɗan kabu-kabu ya shigo mana asibiti da rawani naɗe har kunne, alhali ana zafin nan na Maradi. Da ya kwance rawanin, kuncin hagu ya yi suntum, baki ba ya buɗuwa sai da ƙyar, warin fetur kuwa tun daga bakin ƙofa. Na ce, "Malam, me ka sa a ciki?" Ya ce auduga ya tsoma a kwalbar da ya saya bakin hanya, ya cusa a kogon don tsutsa ta mutu.

Jama'a, don Allah, babu tsutsa a haƙori. Sukari ne ke kwana a baki, ƙwayoyin cuta su ci, su fitar da tsamin da ke rarake haƙori. Shayi zagaye uku da sukari kamar zuma, alawa, lemun kwalba, a kwanta ba a wanke baki ba, daga nan kogo ke farawa.

Amma ba kogon ne ya fi ɓata mini rai ba, abin da kuke durawa ciki ne. Fetur, ruwan batir, garin taba, kanwa, ƙwayar asfirin da aka daka. Ruwan batir fa, wanda ke huda riga! Sai ku ce, "Ai ya lafa." Ya lafa ne don jijiyar ta mutu, ruɓa kuma tana gangarawa cikin muƙamuƙi tana tara mugunya. Dasashi ya ƙone, ya yi fari fat. In kumburin ya sauka ƙarƙashin haɓa, yana iya shaƙe numfashi, mutum ya rasa ransa a kan haƙori ɗaya.

Na sani, mai ciwon haƙori cikin dare ko wuta aka ce ya haɗiya zai haɗiya, ni ma na taɓa kwana zaune riƙe da kunci. Na kuma san tsoron da ke hana ku zuwa: wai in an cire haƙorin sama ido zai mutu. Ba gaskiya ba ne. Wai mai ciki ba a taɓa mata haƙori. Ta zo, ta dai gaya mana watanta nawa. Kuma ba kowane kogo ake cirewa ba, wanda aka kawo da wuri cike shi ake yi. Fetur ɗinku ne ke kai shi ga cirewa.

Iyaye mata, har yara na ga ana cusa wa kanwa, wai haƙorin nono ne, zai faɗi. Na nono 20 ne, amma turmin da ke fitowa can baya wajen shekara 6 ba shi da magaji.

A gaggauce:
- Buroshi da man goge baki, ko asuwaki, safe da kafin kwanciya.
- Ciwo ya tashi: kurkure da ruwan gishiri mai ɗumi, a haɗiye farasitamol, kada a ɗora shi kan haƙori, gari na wayewa a zo asibiti.
- A rabu da kafson ƴan talla.
- Kumburi da zazzaɓi, ko wahalar haɗiya: a zo nan take, ko tsakar dare ne.
- Ƙaramin yaro ramamme mai warin baki da dasashi na jini: a kawo shi yau, kada ya zama noma, ciwon nan mai cin fuska.

Ɗan kabu-kabun nan dai sai da muka tura shi babban asibiti aka tsaga kumburin.