Deltic: kan jirgin ƙasa na Birtaniya

Deltic, wanda hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya ta yi wa rajista da Class 55, kan jirgi ne mai amfani da man dizal. Kamfanin English Electric ya ƙera guda 22 tsakanin 1961 da 1962 domin jan taragwannin fasinja daga tashar King's Cross ta Landan zuwa Edinburgh, inda suka gaji jirage masu ƙona kwal.

Injinsa ne ya bambanta shi da sauran. Kowane kan jirgi yana ɗauke da injin kamfanin Napier guda biyu, irin waɗanda aka fara ƙera wa ƙananan jiragen ruwan yaƙi. Silinda 18 ke cikin kowane inji, an jera su kusurwa uku kamar harafin Girkanci na delta, wanda daga gare shi sunan ya fito. Su biyun suna ba da ƙarfin doki 3,300, jirgin kuma yana gudun mil 100 a sa'a. Ga kuma rugugi da hayaƙi, waɗanda masoyansa ke gane shi da su tun bai ɓullo ba. Wasu an raɗa musu sunayen dawakin sukuwa, irin su Alycidon da Tulyar, sauran kuma na rundunonin soja.

Kula da injin yana cin kuɗi sosai, don haka da sababbin jirage masu sauri na InterCity 125 suka hau layin a 1978, aka fara jingine Deltic. Ranar 2 ga Janairu 1982 aka yi tafiyar bankwana, jama'a suka yi cincirindo a King's Cross.

Shida ne suka tsira daga masu yanka ƙarfe, kuma akasari masoya ne suka cece su. Ƙungiyar Deltic Preservation Society, wadda aka kafa a 1977 tun jiragen suna bakin aiki, ita ke da uku, tana adana su a Barrow Hill kusa da Chesterfield. Ɗaya yana hannun gidan tarihin jiragen ƙasa na York. Aikin ba na raggo ba ne, domin kayan gyaran injin Napier sun yi wuya, 'yan sa kai ne kuma ke yawancin gyaran. Duk da haka a 2011 kamfanin GB Railfreight ya yi hayar ɗaya daga cikin shidan, mai suna Royal Scots Grey, yana da shekara 50, ya ja taragwannin kaya tsakanin Blyth da Lynemouth a arewa maso gabashin Ingila.