Me ake nufi da "safeguarding" a kulob ɗin ninkaya?

Uwa ta je yi wa 'yarta mai shekara tara rajista a kulob ɗin ninkaya a Ingila, sai a miƙo mata takarda da kalmar "safeguarding" a samanta. Da yawa kan zaci maganar nutsewa ce. Wancan aikin mai gadin ruwa ne, wanda ke zaune kan doguwar kujera da usur a wuya. Wannan kalmar tana nufin matakan da ake ɗauka tun kafin ɓarna ta auku, don kada wani ya cuci yaro, musamman babban da aka danƙa wa amanarsa. Yaro a nan shi ne duk wanda bai cika shekara 18 ba.

Kalmar ta yi nauyi a harkar ninkaya ne bayan shari'ar Paul Hickson, babban kocin tawagar Birtaniya a gasar Olamfik ta Seoul a 1988. A 1995 kotu ta yanke masa ɗaurin shekara 17 saboda fyaɗe da lalata da 'yan matan da yake horarwa. Ya yi shekaru yana ta'asa, kowa na ganin girmansa. A 2001 aka kafa sashen kare yara a wasanni ƙarƙashin NSPCC, ƙungiyar da ke kare yara daga cin zali a Birtaniya.

Ninkaya tana da nata raunin. Atisaye tun duku-duku, yara cikin 'yan kamfai, ɗakin canza kaya da iyaye ba sa shiga, ga tafiye-tafiyen gasa da kwana a otal. Kuma koci ne ke zaɓar wanda zai shiga gasa, don haka yaro kan haɗiye abin da ke damunsa.

Shi ya sa kundin kare yara na Swim England, hukumar ninkaya ta Ingila, mai suna Wavepower, ya fi mayar da hankali kan toshe kafar keɓewa. Koci ba ya ɗaukar yaro shi kaɗai a mota. Ba ya tura masa saƙo a ɓoye, sai ta hannun iyaye. An hana amfani da waya a ɗakin canza kaya. Kowane kulob sai ya naɗa jami'in kula da walwalar yara, wanda yaro zai kai wa kuka ba tare da ya bi ta kan koci ba. Aikin jami'in ya saurara, ya rubuta, ya miƙa gaba. Bincike na hukuma ne da 'yan sanda.

Akwai kuma tantancewar DBS, wato duba ko mutum yana da tabo a wurin hukuma. Tana da amfani, amma a ganina ana dogaro da ita fiye da kima, domin wanda ba a taɓa kamawa ba takardarsa fes take fitowa. Tun 2022 doka a Ingila da Wales ta haramta wa koci alaƙar jima'i da ɗan shekara 16 ko 17 da yake horarwa, ko da yaron ya ce ya yarda.

Cuta ba ta tsaya ga lalata ba. Wani rahoto da Swim England ta sa aka yi, wanda ya fito a 2024, ya nuna tsoro da cin zali sun yi katutu a kulob-kulob, har hukumar ta nemi afuwa. Ɗora yarinya kan sikeli a gaban 'yan uwanta, a yi mata gorin ƙiba har ta daina cin abinci, shi ma ƙara ce da ake kai wa jami'in walwala.