Ciwon hanji mai daɗewa da matsuwar bayan gida: tambayoyin da ba sa ƙarewa

Masu fama da kumburin hanji, wato kolaitis da cutar Crohn, tambayoyinsu kusan iri ɗaya ne kullum. Ga amsoshin, a karanta kafin a sake turo su.

Anya ba basir ba ne?

A'a. Ba duk jinin da ya biyo bayan gida ne basir ba. Zawo mai jini ko majina da ya wuce mako huɗu na asibiti ne. A can za a gwada bayan gida, a yi wasu gwaje-gwajen, a tabbatar ba atini ba ne, ba kuma tarin fuka na hanji ba, domin maganin kumburi mai ƙarfi yana ƙara rura waɗannan biyun. Jiƙe-jiƙen tasha kuwa a bar su haka nan, wasunsu gudawa suke ƙarawa.

Me ya sa ba na iya riƙewa ko na minti biyu?

Ƙarshen hanji shi ne ma'ajiya. Idan ya kumbura ba ya buɗewa ya ɗauki komai, ɗan abu kaɗan ya sauka sai ya nemi fitarwa. Ba sakaci ba ne, Hajiya, ba kuma ƙazanta ba, ki daina zargin kanki. Maganin cusawa ta dubura irin su mesalazine yana kai wa daidai wurin. Masu ƙinsa don kunya su ne ke daɗewa cikin wahala.

In daina cin abinci don kada ya matsa mini?

Kada ka soma. Rama da ƙarancin jini za ka jawo. Ci kaɗan-kaɗan, sau biyar ko shida a yini. Rage yaji, soye-soye, kofi, shayi mai kauri da goro. Madara kuma ka bar ta mako biyu ka gani, ba kowa take wa illa ba.

Ina da tafiya daga Kano zuwa Abuja a motar haya. In sha loperamide, maganin tsayar da zawo?

To, wannan ba a amsa ta da e ko a'a. Ya danganta da halin da cikin yake ciki a makon. Idan akwai jini, ko zazzaɓi, ko ciki ya kumbura yana ciwo, ko kana zagayawa sau shida ko fiye a rana, kada ka sha, kuma gaskiya tafiyar ma a ɗaga ta. Maganin yana rage motsin hanji ne. A kan hanjin da ke tsakiyar kumburi yana iya sa ya tsaya cak ya cika da iska, abin da kan kai mutum ɗakin tiyata.

Idan kuwa ciwon ya lafa, sai ragowar sakin ciki, likitoci kan yarda da ƙwaya ɗaya mai miligiram 2, kamar rabin awa kafin a ci abinci ko a hau mota. Na ce likitanka ya yarda, ban ce mai kemis ba. Kuma kada ranar tafiya ta zama ranar gwaji. Gwada shi a gida tukuna, domin wani ƙwaya ɗaya kan ɗaure shi kwana biyu, wani kuwa ko gezau. Kada a wuce miligiram 16 a rana, wuce haka yana iya taɓa bugun zuciya.

Ko da maganin, ba a ba ka tabbas ba. Cin abinci da kansa yana tayar da hanji, musamman karin safe. Don haka tashi da wuri, karya da abu mara maiƙo, ka ba cikinka lokaci ya gama abin da zai yi kafin ka nufi tasha. Nemi kujerar bakin ƙofa. Ja direba gefe ka ce kana da larurar ciki, ba sai ka yi masa dogon bayani ba. Ruwa kuma a riƙa kurɓa, ƙishirwa ba ta hana zawo.

Me zan riƙe a jaka?

Wando biyu, kunzugu ko famfas na manya, leda baƙa biyu, ƙaramin sabulu, robar ruwa, da zani ko gyale na ɗaurawa. Sa tufafi masu duhu. Mazugin wando kada a yi masa ƙullin da sai an nemi haƙori.

Wurin ya saɓule yana zafi.

Wanke da ruwa zalla, dangwala tsumma mai laushi ya bushe, kada a goga. Shafa man zinc ko basilin. Ban da Dettol, ban da sabulu mai ƙamshi.

Alwala fa?

Akwai sauƙi ga mai larura. A mazhabar Malikiyya, abin da ke fita ba da iko ba, idan ya lazimci mutum rabin lokaci ko fiye, ba ya karya alwala. Kai wa malaminka bayanin halinka dalla-dalla. Wannan ba dalilin barin sallah ba ne.

Akwai motsa jikin da ke taimakawa?

Akwai. Matse dubura kamar mai riƙe tusa, ƙirga biyar, saki. Sau goma, sau uku a rana. Sai an yi kamar wata uku ake ganin amfani, saboda haka mai yin kwana huɗu ya ce bai yi ba, kada ya zo mini da ƙorafi.

Zan iya shan ibuprofen ko diclofenac idan ciki na murɗawa?

A'a, suna iya tayar da ciwon. Sai dai farasitamol.